Kaciyar yara da sanyin nan

Hunturu ya shigo, lokacin kaciya ke nan.

Abin ya daɗe. Annabi Ibrahim (AS) ya yi tasa yana da shekara 80, yana nan a Bukhari. Yahudawa kuwa rana ta 8 suke yi. Malamansu na dā ma sun hana a taɓa yaron da zubar jinin kaciya ya kashe yayyensa.

Mu fa? Bara a Ƙofar Nassarawa na ga wanzami ya bi yara biyar da aska ɗaya. Haka ciwon hanta ke yaɗuwa. Don Allah kowane yaro da sabuwar rezarsa. In jini na wuyar tsayawa a danginku, asibiti za ku nufa, kar ku zo mini.