Wasiƙun Markus da Malaminsa: Mu Karanta da Gaskiya



A 1815 wani firist mai suna Anjelo Mai ya gano tsofaffin wasiƙu a ɗakin karatu na Milan, a Italiya. Tun da daɗewa an kankare rubutunsu daga fatar, aka rubuta bayanan taron majalisar ikilisiya na Kalsidon na shekarar 451 a kai. Wasiƙun na Markus Aureliyus ne, wanda ya mulki Roma daga 161 zuwa 180, da malaminsa Faronto, ɗan Sirta a Aljeriya ta yau.

Markus bai kai shekara 20 ba lokacin da suka fara rubuta wa juna. Cikin wasiƙun akwai bege, da kewa, da zancen sumba. A 2006 masaniya Emi Ricilin ta fassara su, tana ganin mai yiwuwa soyayya ce tsakanin maza biyu. Wasu masana kuma sun ce haka manyan Roma suke rubuta wa aminansu.

A ganina, duk wanda ya yanke hukunci cikin gaggawa ya zalunci matattu. Romawa ba su rarraba mutane bisa jinsin wanda suke so yadda ake yi yanzu. Matsayi suke dubawa. Maigida yana iya kwana da bawansa, namiji ko mace, doka ba ta hana ba, amma taɓa ɗan 'yantacce abin hukunci ne. Bawan nan ba shi da bakin cewa a'a, kuma ba wasiƙarsa ce tarihi ya adana mana ba. Wannan ya kamata ya dame mu.

Faronto ya taɓa kokawa cewa a Roma da wuya ka sami mai ƙauna daga zuci. A wannan birni ne wasiƙar Bulus ta iso kusan shekara 80 kafin nasu. Duba Romawa sura 16, ka ga yadda yake gaida mutane da sunayensu, maza da mata, yana kiran wasu ƙaunatattunsa ba tare da kunya ba.

Yau tsoron zargi ya sa saurayi ba ya iya gaya wa amininsa cewa ya yi kewarsa. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya. Kada mu bari ya kashe mana zumunci. A makon nan, rubuta wa wani ɗan'uwa, ka gaya masa darajarsa a wurinka.

Ubangiji ya ba mu harshe mai gaskiya da zuciya mai ƙauna. Amin.