Daga Bakin Rumfa: In Ɓari Ya Zo, Maigida Yana Kan Hanya

'Yan uwana fatake, yau maganar ɓarin ciki zan yi. Yawancinmu ta waya labarin ke riskarmu, muna Kumasi ko Ankara da lodin albasa ko doya. To, abin da ka ce wa mutanen gida a wannan wayar yana da nauyi.

Da farko a bar zargi. Likitoci sun ce cikin kowane ciki 10 da aka tabbatar, kusan 1 kan zube a watanni 3 na farko, kuma kusan rabinsu matsalar daga halittar ɗan tayin take. Ba daka ba ne, ba ɗaukar ruwa ba, balle kishiya.

Umarninka ya zama ɗaya: a kai ta asibiti a yi hoton ciki. Salaga da Yendi akwai asibitin gwamnati, Bawku akwai na Presbyterian, abin da ya gagara a tura Tamale. Hoton ne zai nuna ko akwai saura a mahaifa, ko kuma cikin a wajenta ya zauna, wanda ke iya kisa.

Daga nan hanya uku ce. Ko a jira jiki ya fitar da kansa, abin da kan ci mako biyu ko fiye. Ko a ba ta ƙwayar misoprostol, marar ta murɗa, sauran ya fita. Ko a yi wankin ciki da ɗan bututu, aikin 'yan mintoci, galibi a sallame ta ranar. In ba haɗari, ita mai jikin ce za ta zaɓa tare da likita, ba kai ba, ba Hajiya ba.

Amma in jini yana jiƙa auduga 2 a awa har awa 2 a jere, ko zazzaɓi, ko wari, ko jiri, babu zancen jira sai ka dawo. Kada kuma a aiki yaro kyamis, ko a jiƙa sassaƙe. A tambayi rukunin jininta, don wasu matan sai an yi musu allurar kare ciki na gaba.

Kafin ka hau lori, sabunta mata katin NHIS ta *929#, ka bar kuɗin mota a hannunta, ka ba ta izinin fita tun yanzu. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa lafiya daga baya.

Allah ya ba masu jinya lafiya, ya mayar da alheri.