Gyaɗar Miya Ba Ta Zama Ragowar Kasuwa Ba

'Yan'uwa manoma, akwai wata al'ada da muke gani a gidajenmu kowace kaka, muna so mu yi magana a kanta tun kafin a buɗe buhunan bana. In an ɓare gyaɗa, uwargida takan zauna da faifai ta tsince. Manyan ƙwayoyi masu kyau su tafi buhun kasuwa. Tsamurarru, da fasassu, da waɗanda suka yi baƙi ko funfuna, sai a zuba a ƙwarya a ce, "Wannan ta miya ce." Mun ga haka a ƙauyuka da yawa inda muke zagayawa, mun kuma gani a gidajenmu mu malaman gona. Watau dai baƙon da ba mu sani ba a birni shi ke cin mai kyau, 'ya'yanmu kuwa su ci ragowa.

Da a ce rashin daɗi ne kaɗai, da ba mu ɓata takarda ba. Funfunar da ke kama gyaɗa tana haifar da wata guba da masana ke kira afulatoksin. An gano ta ne bayan shekarar 1960, lokacin da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. A 2004 kuma mutane fiye da 100 suka rasu a Kenya don cin masarar da ke ɗauke da ita. Hanta take kamawa. In an daɗe ana cinta kaɗan-kaɗan tana iya kawo ciwon daji na hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, an kuma lura yaran da ke yawan cinta sukan tsumbure. Abin da ya kamata kowace mace ta riƙe shi ne, wuta ba ta kashe wannan guba. Ko an soya, ko miyar ta yini tana tafasa, tana nan.

Kada wani ya ce to sai a bar miyar gyaɗa. Ko kusa. Kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar gyaɗa abin gina jiki ne, kusan rabinta kuma mai ne. Gidan da ba ya ganin nama sai ranar Kirsimeti, gyaɗa ce namansa. Abincin nan na cikin 'yar leda da asibiti ke ba yara masu tamowa, wanda aka raba da yawa a Nijar lokacin yunwar 2005, da gyaɗa ake yinsa. Abin kunya ne yaron manomin gyaɗa ya kai ga karɓarsa.

Ga yadda iyayenmu mata na kudancin Kaduna da Filato suke yin miyar, mu kuwa ba mu ga wadda ta fi ta ba, ko da yake mutanen Kano za su yi gardama saboda taushensu mai kabewa. A sami gyaɗa tsintacciya cikin gwangwanin madara biyu, don gida mai mutum shida ko bakwai. A soya ta sama-sama, a murje, a sheƙe, a sake dubawa, gama bayan an cire jan ɓawon nan ne ɓatacciya ke bayyana. A daka har ta yi laushi. A ɗora tukunya da albasa da tattasai da daddawa, da busasshen kifi in akwai. Manja kaɗan ya isa, gyaɗar tana da nata man. In ruwa ya tafasa, a dama gyaɗar da ruwan ɗumi a kwano dabam, a zuba, a rage wuta, a riƙa motsawa don kada ta kama. Sai mai ya taso sama ne ta nuna. Sa'an nan a zuba ganyen zogale, daga ƙarshe yakuwa cikin hannu ɗaya. Tsamin yakuwar nan shi ke yanke maiƙo, har yaro ya cinye tuwon accarsa bai gundura ba. A yi hankali da kanwa, yawanta yana rage amfanin ganye. Jaririn da ya wuce wata 6 a ɗiba masa kafin a sa barkono.

Mun san abin da maigida zai ce. Kuɗin makaranta yana jira, bashin taki yana jira, mai saye kuma ba ya karɓar ɓatacciya. Gaskiya ne, ba mu raina wannan ba. Amma gyaɗar miyar gida guda ta shekara ba ta kai abin da ake sayarwa ba ko kaɗan, kuma kwana uku a asibiti ya fi ta tsada. Ranar godiyar kaka ba wanda ke ɗaukar ruɓaɓɓiyar gyaɗa ya kai gaban majami'a, don mun tuna yadda annabi Malakai ya tsauta wa masu kawo guragun dabbobi hadaya. To, me ya sa ba ma jin nauyin zuba ta a tukunyar yara?

Yawancin ɓarnar ma tun daga gona take farawa. Gyaɗar da fari ya kama a ƙarshen damina, da wadda aka bari ta daɗe a ƙasa, da wadda fartanya ta sare, su ne funfuna ke shiga. A cire ta a kan kari. A shanya a kan tampol ko tabarma, ba a ƙasa ba, har sai ta yi kacau-kacau in an girgiza. A daina yayyafa mata ruwa don ta yi sauƙin ɓarewa. A ajiye ta da ɓawonta, buhu a kan katako, nesa da bango. Cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar da wani magani, Aflasafe, wanda ake watsawa a gona kilo 10 a kowace hekta, mako 2 zuwa 3 kafin fure, yana rage gubar ƙwarai. Manomi ɗaya zai sha wahalar nemansa, ƙungiya kuwa tana iya sayowa a haɗe ta raba.

Shawararmu ga ƙungiyoyin gama kai ita ce, a taron wannan wata a yanke cewa kowane memba zai ware gyaɗar gida tukuna, daga mai kyau, kafin a auna ta sayarwa. Zumuntar Mata su sa rana a yi tsinta tare, maza ma su zauna su sa hannu. Abin da aka tsince a ƙone ko a binne. Kada a yi ƙuli-ƙuli da shi, kada kuma a watsa wa kaji ko saniyar tatsa, gama gubar tana bi ta cikin nono ta komo gida. Ƙungiyar da ke so mu zo ranar tsinta, sakatarenta ya aiko mana da saƙo ta hannun fasto.