RUWA YA CI DUKIYARMU, WA YA RUBUTA?

Duk wanda ya yi damina ɗaya a Duwala ya san abin da ake kira ambaliya. In ruwa ya kwana yana zuba, kafin gari ya waye lungunan New Bell sun zama rafi, tabarmi da tukwane suna iyo. Idan ba a manta ba, a watan Agusta na 2020 ruwa ya mamaye unguwanni da dama na birnin nan. Haka kuma a can Arewa, inda shanun da muke sayarwa suke fitowa, kogin Logone ya yi ambaliya a 2024, har gadar Yagwa ta karye a watan Satumba, dabbobi masu yawa suka halaka.

To, abin tambaya shi ne, wa ya rubuta asarar makiyayi?

Akwai wani babban kundi na bala'o'in duniya mai suna EM-DAT, wanda ake ajiyewa a Jami'ar Louvain ta ƙasar Beljiyam, kuma ƙungiyoyin agaji suna dubawa. Kafin a shigar da ambaliya cikinsa, sai mutum 10 sun mutu, ko ta shafi mutum 100, ko gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ko ta nemi taimako daga waje. Saniya ba ta cikin wannan ma'auni. Wato ke nan idan ruwa ya share ruga guda, ya tafi da garke sukutum, amma Allah ya tsare rayukan mutane, to a idon duniya ba abin da ya faru. Abin da ba a rubuta ba kuwa, ba a yi masa tanadi, balle a biya diyyarsa.

Alhamdu lillahi, yanzu ƙofa ta buɗe wa talaka. Akwai taswirar OpenStreetMap a intanet, wadda kowa ke iya ƙara mata bayani, kowa kuma ya duba kyauta. A 2018, da taimakon Bankin Duniya, matasan Ngaundere sun bi unguwannin da ruwa ke ci, suka zana su a cikinta. A birnin Jakarta na Indunusiya kuwa, mutanen gari ne ke aika hoto da zurfin ruwan ƙofar gidansu ta wayar hannu, nan take ya fito a taswirar PetaBencana, hukuma ta gani, maƙwabci ma ya gani.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wa ya fi makiyayi sanin burtalin da ruwa ke yankewa, da mashayar da ke cin maraƙi? Wa ya fi direban tirela sanin inda mota ke kafewa tsakanin Ngaundere da Duwala, shanu su kwana a tsaye ba ci ba sha, su iso Bonendale sun rame, kuɗinsu ya faɗi? Wannan sani yana cikin kawunanmu, kuma yana bin tsofaffinmu kabari.

Mun san wasu za su ce, "Mu bayyana yawan shanunmu, masu haraji da masu satar mutane su ji?" Wannan tsoro gaskiya ne, ba ma raina shi. Shi ya sa muke cewa a raba abu biyu. Abin da za a baza wa duniya shi ne wuri, da rana, da inda ruwa ya kai, ko gwiwa ko ƙugu, da jimlar dabbobin da suka mutu a yankin. Sunan mai dukiya da abin da ya rage masa su tsaya a littafin arɗo, ba mai gani sai da izininsa.

Saboda haka muna kira ga arɗo-arɗo, da sarakunan Hausawa, da shugabannin dillalai da mahauta, kowa ya tanadi littafi tun kafin ruwan fari. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, yaranmu masu waya su shigar. Gobe idan muka je gaban hukuma neman gada, ko magudanar ruwa, ko diyya, mu je da shaida a hannu.

Allah Ya kiyaye mu da dukiyarmu, amin.