Rediyon Baba da Wufar Ranar Biki

A gidanmu na Bonkuku, babban garin Imanan, rediyo ɗaya ce ta raine mu. National Panasonic ce mai cin kaset, Baba ya zo da ita daga cin rani a Legas. Inna ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa saboda ƙurar Dallol Bosso, kuma ba mai taɓa ta sai shi. Batir shida take ci. In suka yi sanyi, mu yara ake sawa mu shanya su a rana. Da safe BBC Hausa, da yamma Muryar Sahel, in dare ya yi a saka kaset ɗin Mamman Gawo Filinge ko na Shata, maƙwabta su taru a kan tabarma. Ta haura shekara 20 tana aiki, sau biyu kawai aka kai ta gyara, shi ma robar da ke juya kaset ce ta saki.

Yau in ka biyo hanyar Yamai zuwa Filinge ta Baleyara ranar kasuwa, tun daga nesa ƙirjinka zai gaya maka an iso rumfar masu wufa. Ita wufa lasifika ce da aka ware wa sauti mai kauri, daga wajen hertz 20 zuwa 200, irin amon babbar ganga da jiki ke ji kafin kunne. A da, direban da ke son ta a motarsa Pioneer ko Kenwood yake nema, mai gida kuma Sony ko JBL, kamfanin da aka kafa a Amurka tun 1946. Yanzu kowace shekara sai ka ga sababbin sunaye, galibi daga masana'antun ƙasar Sin, da fitilu masu walƙiya da gurbin katin memori, wasu ma da faifan sola suke aiki. Ban ƙi wannan ba ko kaɗan. Abin da a da sai ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati, ga shi saurayi manomin dankali yana saye bayan kaka.

Sai dai na ga ɗaya fuskar da idona. Da auren ƙanena ya matso, na sayi wata sabuwar fitowa a Yamai, an rubuta wa kwalinta 5000W da jan rubutu. Ranar kai amarya, mata sun cika tsakar gida, ba ta yi awa guda ba ta ɗauke, warin ƙonewa ya tashi. Makaɗin kalangu na unguwa ne ya fid da mu kunya.

Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Filinge. Ya kwance ƙusoshin, ya juyo lasifikar, sai ga mayen ƙarfenta bai wuce murfin gwangwanin tumatir ba, naɗin wayar da ke ciki ya yi baƙi ƙirin. Ya zaro fis ya miƙo mini.

"Ɗana, karanta lambar."

"Biyar, Baba."

"To batirinta volt 12 ne. Sha biyu sau biyar nawa ke nan?"

Wat 60. Iyakar wutar da za ta iya ja ke nan kafin fis ya tsinke. Ya nuna mini ƙananan haruffan da ke gefen 5000 ɗin, PMPO, adadin da kowane kamfani ke rubutawa yadda ya ga dama. Wanda ake dogara da shi RMS ne, ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa tana aiki ba tsayawa, kuma babu shi a kwalin ko ɗaya. Abin da ya fi ɓata wa dattijon rai shi ne an kankare lambobin sassan da ke kan allon ciki, ta yadda ko yana so ba zai san madadinsu ba. Mai shagon kuwa bai ba ni rasiɗi ba, ni ma ban nema ba.

Akwai na kirki a cikin sababbin nan, na gani a gidajen abokai, suna shekara ta uku lafiya lau. Amma sunan kamfani da fitilu ba sa nuna su. 'Yan'uwana na Imanan da Kurfai, in kuɗin dankali ya shigo bana kuka tashi sayen wufa, ku ɗaga ta ku ji nauyinta, ku nemi RMS, ku duba fis, ku sa mai shago ya ƙure ta minti 15 a gabanku, ku karɓi rasiɗi. In da hali, ku fara tambayar mai gyaran garinku wadda yake da kayanta.