Na'ura Ma Sai An Nuna Mata Samfur

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin tela a Rikkos, cikin garin Jos, ya san abu guda. In ya tsaya yana ta kwatance da baki, wuya kaza, hannu kaza, aljihu a nan, to, ranar karɓa sai an yi cacar baki. Amma in ya ɗauko tsohuwar rigarsa ya aza a kan keke ya ce, "Maigida, irin wannan sak," shi ke nan magana ta ƙare. Gani ya kori ji. Wannan tsohuwar dabara ce ya kamata 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal su ɗauko, tun da yanzu an shiga zamanin sa na'ura ta rubuta wa mutum wasiƙa.

A watan Nuwamba na 2022 ne kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, na'urar hira wadda ake rubuta wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum. A 2024 kuma kamfanin Meta ya sa tasa a cikin WhatsApp, Nijeriya na cikin ƙasashen da suka samu. Wato abin ya bar ofis, ya shigo aljihun dillali da direba da mai shayi.

To, ga inda gizo ke saƙar. A ɗauka ga wani ɗan kasuwa mazaunin Rikkos, ya yi lodin kabeji da karas da dankalin Turawa a Farin Gada, zai aika wa ubangidansa a kasuwar Mile 12. Ya ce wa na'ura, "Rubuta mini saƙo zuwa ga Alhaji, kaya sun taso." Me zai samu? Doguwar takarda mai gaisuwar ofis, Hausar da aka juyo daga Turanci, watakila ma ta buɗe da "Ya ƙaunatacce." Ina Alhaji ina ƙaunatacce! Ba adadin buhu, ba kuɗin mota, ba la'ada, ba ranar isa. Laifin ba na na'ura kaɗai ba ne. Ba ta taɓa zuwa Farin Gada ba, kuma rubutun Hausa da ke intanet, inda ta yi karatunta, bai taka kara ya karya ba in an gwada da na Turanci. Mai yawa daga cikinsa ma labaran rediyo ne da fassara, ba maganar kasuwa ba.

Yanzu a sake ɗaukar mutumin nan. Wannan karon ya lalubo saƙonni 3 da ya taɓa aikawa da hannunsa, ya manna mata, ya ce, "Ga yadda nake rubutawa. Yi mini na yau a kan wannan tsari." Ɗaya daga ciki yana cewa: "Salamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Mota ta tashi bayan la'asar. Kabeji buhu 40, karas buhu 25. An ba direba rabin kuɗin mota, saura in ya sauke. Allah Ya kai lafiya." Nan take sai ta kama hanya: gajeriyar gaisuwa, kaya da adadinsu, maganar kuɗi, addu'a. Abin da bayani mai tsawon shafi bai yi ba, samfur ya yi.

Wannan ba tsafi ba ne, kuma ba 'yan kasuwa suka fara gano shi ba. Tun a 2020 masu bincike na OpenAI suka gwada wata na'urarsu mai suna GPT-3 ta hanya 3: a ba ta aiki ba misali, a ba ta da misali 1, a ba ta da misalai kaɗan. A yawancin ayyukan, da aka ƙara misalai sai amsarta ta ƙara kyau. Dalili kuwa shi ne aikinta hasashen kalmar da za ta biyo baya ne, bisa ga abin da ke gabanta. In an shimfiɗa mata tsari, sai ta bi sawu. Sai dai mai karatu ya lura, ba haddacewa take yi ba. In an buɗe sabuwar hira, galibi sai an sake manna mata. Saboda haka mai wayo yakan adana samfurinsa a waya, yadda tela ke rataye ma'auninsa a wuya.

Akwai masu cewa, in har mutum yana da tsofaffin wasiƙu, me ya hana shi rubuta sabuwa da kansa? Maganarsu tana kan hanya in saƙo 1 ne. Amma sakataren ƙungiyar 'yan gari a Agege ko Sabon Badun, wanda zai rubuta takardar gayyata da ta neman gudummawa da ta ta'aziyya duk a dare ɗaya, wata da Hausa wata da Turanci, bayan ya wuni a kasuwa, shi ya san amfanin mataimaki. Mutanen Rikkos ba su manta ambaliyar watan Yuli na 2012 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 30 a unguwar da maƙwabtanta. A irin wannan rana, 'yan'uwa na Kudu sukan so a aika takardu da yawa cikin gaggawa, ga sarakunan Hausawa da attajirai da hukuma, kuma kowace da irin harshenta. Wadda za ta je gaban Sarki ba ta buɗewa kamar wadda za ta je wa aboki. In ba a nuna wa na'ura "Ranka ya daɗe" ba, tana iya gaishe da basarake kamar yaron shago.

Amma fa samfur yana da nasa haɗari, kuma nan ne ya fi kamata a buɗe ido. Na'ura makwaikwayiya ce, ba ta tace abin da aka ba ta. In akwai kuskure a misalin, za ta maimaita shi da murna. In duk misalan kabeji ne, ranar da aka yi lodin tumatir tana iya lissafa shi da buhu maimakon kwando. Don haka a bambanta su, wani dogo wani gajere, wani na albishir wani na ba da haƙuri cewa mota ta lalace a Lokoja. Wani lokaci kuma sai ta ɗauko adadin tsohon saƙo ta cusa a sabo. Buhu 40 na makon jiya ya koma na yau, Alhaji ya ƙirga ya ga 30, amanar shekara goma ta shiga ruwa. Lissafi dai mai kaya ne zai duba da idonsa kafin ya aika.

Na ƙarshe kuma ya fi duka nauyi. Tsohuwar wasiƙa takan ɗauki sunan mutum da lambar wayarsa da lambar asusunsa na banki, wani lokaci har da maganar bashi. Abin da aka rubuta wa na'ura ba a cikin waya yake tsayawa ba, yana tafiya zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ya yi ta. A da, mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya an san fuskarsa, in ya tona asiri an san inda za a same shi. Wannan kuwa ba wanda zai kai ta ƙara wurin mai unguwa. Kafin a manna samfur, a goge sunaye a sa "wane", a cire lambobin asusu da na waya, sai ta gama rubutu sannan a mayar da su da hannu.