Ɗan Kunnen Akuya Ba Ya Kama Ɓarawo Shi Kaɗai

Bayan annobar ciwon baki da kofato ta 2001 a Birtaniya, Tarayyar Turai ta wajabta maƙala wa tumaki da awaki ɗan kunne mai lambar lantarki tun 2010. Kafin Kaduna ta kwaikwaya, a tuna cewa lambar ba ta magana sai an kara mata na'urar karantawa. Matar Kakuri da aka kwance wa akuya cikin dare ba ta tsira da komai ba muddin dillali da mahauci suna saye ba su duba ba. A fara kai na'urar kasuwa da mayanka, a damƙa wa Sarkin Fawa rajista, gwamnati ta biya kuɗin lambar. In aka ɗora wa mai awaki uku, ɓoye su za ta yi, ta ɗauka jangali ne ya dawo.